Ciwon Haƙori: Tambayoyi da Amsoshi ga Mutanen Kebbi

Fata idan ta yanke takan haɗe, ƙashi idan ya karye a ɗora shi ya kama, amma ramin da ya buɗe a haƙori sai dai ya ƙaru. Shi ya sa ranar da mutum ya zo asibiti ita ke yanke irin aikin da za a yi masa. Wanda ya zo da wuri ciko kawai zai samu. Wanda ya jinkirta sai an taɓa jijiya ko a cire haƙorin. Wanda ya jira har fuska ta kumbura kuma yana iya kwana a gadon asibiti. Ga tambayoyin da jama'a suka fi yi, daga Birnin Kebbi har Argungu, Yauri da Zuru.

Da gaske ne tsutsa ce ke cin haƙori?

Babu tsutsa a cikin haƙori. Duk abin da mai tallan magani ya nuna maka a kasuwa bayan ya turara maka hayaƙi a baki, ba daga haƙorinka ya fito ba.

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, kuma ba shi da jijiya. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan rawaya, cike da ƙananan ƙofofi masu kai saƙo ciki. A tsakiya kuma ɓargon haƙori ne, inda jijiya da hanyoyin jini suke. Ƙwayoyin cuta na bakteriya suna zaune a cikin yauƙin dattin nan da kake kankarowa da farce da safe. Duk sa'ad da suga ya shiga baki sai su ci, su fitar da ruwa mai tsami da ke narkar da ɓawon. Miyau yana wanke tsamin, yana mayar da abin da ya zaizaye, amma yana buƙatar rabin sa'a zuwa sa'a guda. Idan kafin ya gama an sake kai wani zaƙin baki, ɓawon bai sami hutu ba ke nan. A hankali sai farin tabo ya fito, ya koma baƙi, ya burma ya zama kogo.

Ni ba na shan zaƙi da yawa. Me ya sa haƙorana suka ruɓe?

Yawan sau nawa ya fi yawan adadi ɓarna. Mai shago da ke kurɓar shayi mai suga daga hantsi har azahar ya fi wanda ya shanye lemon kwalba guda tare da abincin rana cutar da haƙorinsa. Mutane kuma sukan manta da sugan da ke cikin fura, kunu, zoɓo, biskit, alewar yara da rake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sugan da baligi ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato cokalin shayi 12, kuma rabin haka ya fi. Lemon kwalba ɗaya kawai yana ɗauke da wajen cokali 9. Mafi muni shi ne zaƙin da aka sha aka kwanta a kansa, domin miyau yana raguwa sosai idan mutum ya yi barci.

Yaya zan gane inda ciwon ya kai?

Yanayin zafin yana faɗa. Wannan ita ce tambayar farko da likitan haƙori zai yi maka, don haka ka lura da kyau.

Idan ruwan sanyi ko zaƙi ya taɓa haƙorin ka ji tsam, cikin daƙiƙa kaɗan ya wuce, to ɓarnar ba ta kai ɓargo ba tukuna. A nan ne ya kamata a zo. Za a share ruɓaɓɓen wurin a cike, aikin da yawanci bai kai sa'a guda ba, haƙorin kuma ya ci gaba da aikinsa shekaru.

Idan zafin yana daɗewa bayan abin sanyi ko zafi ya wuce, ko yana tasowa haka kawai ba a ci komai ba, yana zuga, yana tashe ka tsakar dare, yana harba kunne da gefen kai, to ɓargon ya kumbura. Yana kulle a cikin ɗaki mai tauri, babu inda zai faɗaɗa, shi ya sa zafin ke da tsanani haka, yana kuma ƙaruwa in an kwanta saboda jini ya ƙaru a kai. A wannan mataki sau da yawa mai ciwo ba ya iya nuna haƙorin daidai, har ya rantse na sama ne alhali na ƙasa ne. Ciko kaɗai ba ya isa. Sai dai a cire jijiyar, a wanke cikin saiwar a toshe, ko a cire haƙorin.

Idan kuma haƙorin ya zama kamar ya fi sauran tsawo, ba ka iya haɗa baki a kansa, ko an ɗan ƙwanƙwasa shi ka zabura, to cutar ta fita ta ƙarshen saiwa ta shiga ƙashi. Daga nan mugunya ke taruwa.

Ya yi mini ciwo mako guda, yanzu ya daina da kansa. Na warke ke nan?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Jijiyar ce ta mutu, shi ya sa ba ka ji. Ƙwayoyin cutar suna nan cikin haƙorin suna gangarawa saiwa. Wani zai ga ɗan ƙurji a dasashi yana fitowa, ya fashe, ya ji ɗanɗanon gishiri da wari a baki, ya lafa, bayan wata biyu ya dawo. Ƙurjin nan ƙofa ce da mugunya ta huda wa kanta. Ranar da ƙofar ta toshe, ranar fuska ke kumbura. Haƙorin da ya daina ciwo ya kuma fara duhu, a kai shi a ɗauki hotonsa.

Waɗanne alamu ne ba a kwana da su a gida?

Kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ya yi tauri. Harshe ya ɗago, miyau yana dalala, haɗiya ta gagara, murya ta canja, ko numfashi ya fara wahala, musamman in an kwanta rigingine. Baki ya ƙi buɗuwa har yatsu biyu ba sa shiga. Kumburin da ya hau ya fara rufe ido. Zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari tare da kumburi. Jinin da ya ƙi tsayawa bayan an cire haƙori.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, a nufi sashen gaggawa na babban asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne, ko da babu likitan haƙori a wurin. Mugunyar turamen ƙasa tana iya bin ƙarƙashin harshe ta danne hanyar numfashi cikin yini ɗaya ko biyu, ta kuma gangara ƙirji. Ta haƙoran sama tana iya kaiwa ido da ƙwaƙwalwa. Mutane suna mutuwa ta wannan hanya, matasa majiya ƙarfi ma, a kan haƙori guda da za a iya cirewa tun farko. Mai ciwon suga, mai ciki, mai sikila da tsoho su ne abin ya fi saurin kayarwa. Kada a gasa kumburin da ruwan zafi, kada a kai wa wanzami ya tsaga ko ya kafa ƙaho.

Me zan yi a gida kafin in samu zuwa?

Ka sa rabin cokalin shayi na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ka kurkure baki ka tofar, sau uku ko huɗu a yini. Ka fitar da abincin da ya maƙale a hankali. Ka ɗaga kai da matashi biyu in za ka kwanta.

Baligi yana iya shan farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk bayan sa'a 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare. Ibuprofen miligiram 400 duk bayan sa'a 8, bayan an ci abinci, ya fi kama ciwon haƙori, ana kuma iya haɗa shi da farasitamol. Amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, da mai asma da irin wannan magani ke tayar masa, su guje shi. Kada a haɗa ibuprofen da diklofenak ko asfirin, duk dangi ɗaya ne, haɗa su na jawo zubar jini a ciki. A kula da haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis, domin sau da yawa biyu ko uku daga cikin dangin nan ne a ciki. Yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ba a ba shi asfirin. Wannan duka na kwana ɗaya ne ko biyu, kafin a isa asibiti.

Kanumfari fa, ko abubuwan da ake cusawa a ramin?

Kanumfari yana ɗan kashe zafi na ɗan lokaci, amma mansa yana ƙona dasashi in an yi yawa, kuma ba ya hana ruɓewa. Asfirin ko garin maganin ciwon kai da ake dannawa a gefen haƙori yana ƙone naman wurin ya yi fari fat ya saɓule, ciwo ya zama biyu. Ruwan batir, fetur da garin taba kuwa, don Allah a bari. Ruwan batir yana cin dasashi da ƙashin da ke riƙe da haƙoran da ba su yi laifin komai ba.

Na sha kafso daga kemis kumburin ya sauka. Ba shi ke nan ba?

Maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jini yake tafiya, haƙorin da jijiyarsa ta mutu kuwa jini ba ya shiga cikinsa. Don haka kafso yana rage abin da ya fito waje ne kawai, tushen yana nan. Zai dawo, kuma maganin da aka sha rabi aka ajiye ba lalle ya yi aiki karo na gaba ba. Likita ne zai rubuta shi idan cutar ta fara yaɗuwa, tare da cire haƙorin ko buɗe shi. Kafson tetirasaikilin kuma ba a ba mai ciki ko yaro ɗan ƙasa da shekara 8, yana ɓata launin haƙoran da ke tasowa har abada.

An duba ba a ga rami ba, amma ina jin ciwo.

Yana iya zama tsagewa. Tsakuwa a cikin shinkafa, busasshiyar aya, ƙuli-ƙuli mai tauri, ƙashi, ko buɗe kwalba da haƙori, duk suna tsaga turmi ba tare da an gani ba. Alamarsa zafi mai kaifi in an tauna, musamman daidai lokacin da aka saki cizon. Yana iya zama wuyan haƙori ne ya zaizaye saboda dirza da buroshi mai tauri, gawayi ko toka, sai iskar hunturu ma ta riƙa sa shi tsami. Masu cizon haƙora cikin barci kuma sukan tashi da ciwon muƙamuƙi da na turame duka.

Wani lokaci ma ba haƙorin ba ne. Mura mai toshe kogon hanci tana sa turamen sama da yawa ciwo lokaci ɗaya, ya ƙaru in an sunkuya ruku'u ko sujada. Akwai ciwon jijiyar fuska mai fizga kamar wutar lantarki na 'yan daƙiƙu, wanda taɓa fuska wajen alwala kaɗai ke tayar da shi. Masu wannan sukan cire haƙora lafiyayyu a banza kafin a gano. Ciwon muƙamuƙin ƙasa da ke zuwa in an yi tafiya ko aikin ƙarfi, tare da nauyin ƙirji da gumi, wannan na zuciya ne, a tafi gaggawa.

Sai abin da ba ya ciwo amma ya fi haɗari: gyambo a baki ko harshe da ya wuce mako uku bai warke ba, musamman ga mai taba, ko kumburin muƙamuƙi mai girma a hankali, ko leɓe ya mutu ba dalili. Yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura cikin makonni kaɗan haƙoransa suka fara girgiza, a kai shi babban asibiti ba jira.

Dasashina yana jini in na yi asuwaki. An ce wankin haƙori a asibiti yana sassauta haƙora.

Lafiyayyen dasashi ba ya jini. Dattin da aka bari a gindin haƙori ne ya kafe ya zama kanta, buroshi ba ya iya cire ta. A ƙarƙashinta ƙashin da ke riƙe da haƙori yana narkewa shiru, shekara da shekaru, har haƙori ya yi tsawo ya fara girgiza. In aka kankare kantar sai giɓin da ta rufe ya bayyana, mutum ya zaci wankin ne ya jawo. Ɓarnar ta riga ta faru, wankin ne ke tsayar da ita. Ciwon suga da taba suna hanzarta wannan cuta ƙwarai. Kada ka daina gogewa don ka ga jini, wurin ne ya fi buƙata.

Turmin can ƙurya yana fitowa, wurin ya kumbura.

Turamen ƙarshe guda huɗu suna fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, su cika haƙora 32. In wuri ya yi kaɗan sai ya fito rabi, fatar dasashi ta rufe sauran, abinci ya riƙa shiga ƙarƙashi. Ruwan gishiri da goge wurin sosai sukan kwantar da shi. In yana dawowa, ko baki ya fara ƙin buɗuwa, sai an ɗauki hoto an cire.

Yarona yana zawo da zazzaɓi, an ce haƙori ne.

Uwa, kada ki yarda da wannan. Fitowar haƙori, wadda ke farawa wajen wata 6, tana sa dalala, ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima. Ba ta kawo zawo, amai, zazzaɓi mai zafi ko suma. A daidai wannan lokaci ne yaro ke rarrafe yana kai komai baki, kariyar da ya samu daga jikinki kuma tana raguwa. A gwada shi maleriya, a ba shi ruwan gishiri da suga na asibiti. A guji magungunan fitowar haƙori: tsakanin 2008 da 2009 yara 84 suka mutu a Najeriya bayan shan wani irinsu da ya gurɓata da sinadari mai kashe ƙoda.

Haƙoran nono 20 ne, kuma ruɓewarsu ba abin rainawa ba ne don wai za su fita. Suna hana yaro ci da barci, mugunyarsu tana taɓa na dindindin da ke ƙarƙashi. A shekara 6 wani turmi yana fitowa a bayan na nono ba tare da wani ya faɗi ba. Na dindindin ne, iyaye da yawa ba su sani ba sai ya ruɓe.

Akwai kuma cutar da ta fi duka muni, wato noma, mai zaizayar baki. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko maleriya. Tana farawa da dasashi mai jini da gyambo, baki ya yi wari ƙwarai, sai kunci ya kumbura, cikin kwanaki kaɗan baƙin tabo ya fito wurin ya ɓurme. A matakin dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta, tsaftar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. In an bari, mafi yawan yaran ba sa rayuwa. Ba iska ba ce. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Maƙwabciyarmu Sakkwato tana da asibiti na musamman don wannan cuta tun 1999. Duk yaron da ya rame, a riƙa ɗaga leɓensa ana duba dasashi.

Ina da ciki. Zan iya zuwa a cire?

Ƙwarai kuwa. Allurar kashe wuri ba ta cutar da ciki. Wata na 4 zuwa na 6 ya fi sauƙi ga aikin da zai iya jira, amma mugunya ba ta jiran haihuwa, a kowane wata ake maganinta. Ki faɗa wa likita watannin cikin, ki tsaya a kan farasitamol.

Haƙori ya fita gaba ɗaya a faɗuwar kabu-kabu ko wajen ƙwallo.

In na dindindin ne, ana iya mayar da shi ya kama. A riƙe shi ta kan, kada a taɓa saiwa, kada a goge. In ya yi ƙasa a ɗauraye shi na 'yan daƙiƙu, a mayar da shi gurbinsa, a cije tsumma mai tsabta. In hakan ya gagara a sa shi cikin madara, ba nono mai tsami ba, ko cikin miyau ɗin mai shi. Kada a naɗe shi a takarda ya bushe. A isa wurin likita cikin sa'a guda. Na nono ba a mayar da shi.

An ce cire haƙorin sama yana taɓa ido. Me ake yi bayan cira?

Cira ba ta taɓa ido. Mugunyar da aka bari ita ke kaiwa can. Bayan an cire, ka cije audugar minti 30 zuwa 45. Yinin farko kada ka kurkure, kada ka riƙa tofi, kada ka sa harshe ko yatsa, kada ka sha abu mai zafi ko taba. Gudan jinin da ya daskare a gurbin shi ne murfin ciwon. In ya fita, ƙashi ya tonu, bayan kwana biyu zuwa huɗu sai zafi mai tsanani da wari su taso, sai an koma an wanke an sa magani. Daga washegari a fara ruwan gishiri a hankali. In jini ya dawo, a naɗe tsumma mai tsabta a cije minti 20 a zaune.

Asuwaki ya isa, ko dole sai buroshi?

Asuwaki yana cire datti sosai a hannun wanda ya iya, a ci gaba da shi. Inda yake gazawa shi ne bayan turame da ɓangaren harshe, ga shi kuma ba ya ba haƙori isasshen fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawo. Don haka a ƙara da buroshi mai laushi da makilin mai fuloraid, a duba jikinsa a ga an rubuta 1000 zuwa 1500 ppm, wato ma'aunin yawan fuloraid, a goge minti biyu, safe da kuma kafin barci. A tofar kawai, kada a kurkure da ruwa. Ɗan ƙasa da shekara 3 a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake. Sakace da tsinken tsintsiya ko ashana yana raunata dasashi.

Ina za a je, kuma me zan faɗa wa likita?

A Birnin Kebbi akwai sashen haƙori a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da kuma asibitin gwamnatin tarayya. Manyan ayyukan muƙamuƙi da fuska akan tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Wanda ke nesa ya fara da babban asibitin da ya fi kusa, su duba su tura shi. A guji masu cire haƙori a kasuwa: kayan da ba a dafa ba suna yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau, saiwa kuma takan karye ta zauna a ciki.

Ka ci abinci kafin ka zo, sai dai in an ce maka kada ka ci. Ka zo da duk maganin da ka sha, har da kwalinsa da na gargajiya. Ka faɗa in kana da hawan jini, ciwon suga, sikila ko ciwon zuciya, in kana shan maganin tsinka jini, in jini yana daɗewa bai tsaya maka ba, ko wani magani ya taɓa fesa maka ƙuraje.